Shin Masana Kimiyya Sun Rabu Biyu Kan Juyin Halitta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne da ke karatun ilmin halittu a jami'a. A aji ana koya mana juyin halitta tamkar magana ce da aka gama, amma na kalli wani bidiyo a intanet inda ake cewa ka'idar Darwin ta ruguje, wai masana sama da dubu sun sa hannu a takarda sun juya mata baya, kuma akwai sabuwar kimiyya da ke nuna cewa sarƙaƙiyar ƙwayar halitta ba za ta samu ba sai da mai ƙira mai hikima. Wanne ne gaskiya? Kuma idan na karɓi abin da ake koya mana, na yi wa imanina illa ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na gode da wannan tambaya, ɗan'uwa, kuma ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita, domin gajeriyar amsa a wannan batu takan zalunci ɓangare ɗaya. Gaskiya ne akwai muhawara mai zafi a tsakanin masana ilmin halittu, sai dai ba a wurin da bidiyon ya nuna maka take ba. Abin da suke jayayya a kai shi ne hanyoyin da halittu ke bi su sauya, da saurin sauyin, da nauyin da ya kamata a ba kowane sababi. Amma cewa jinsunan halittu sun sauya cikin dogon zamani kuma akwai dangantakar asali a tsakaninsu, kusan duk masu bincike a fannin sun yarda da wannan, har da wani jigo a cikin masu kare ra'ayin ƙira ta hikima, kamar yadda za ka gani.

Hujjar ƙira tsohuwa ce. A 1802 wani malamin coci a Ingila, William Paley, ya buga misalin da har yau ake maimaitawa: wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙeri, to ido ya fi agogo tsari. Charles Darwin ya karanta Paley yana ɗalibi kuma hujjar ta burge shi. Abin da ya kawo a littafinsa na 1859, wanda Alfred Russel Wallace ma ya gano shi da kansa a daidai lokacin, shi ne wata hanya da tsari zai iya taruwa a hankali. 'Ya'ya ba sa fitowa daidai da iyayensu, ana gadon bambancin, ana haifar fiye da waɗanda za su rayu, sannan yanayi ya yi tankaɗe da rairaya, waɗanda siffarsu ta fi dacewa su fi barin zuriya. Darwin bai san yadda gado yake aiki ba. Binciken Gregor Mendel na 1866 bai samu kulawa ba sai a 1900, kuma ba a gano siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ba sai a 1953. Wannan yana da muhimmanci, domin yana nufin an yi wa ka'idar jarrabawa da ilmin da mai ita bai taɓa gani ba, kuma tana iya faɗuwa a kowace daga cikin jarrabawar.

Ga misalin yadda ake irin wannan gwaji. Masana burbushin halittu sun san kifaye masu ƙashi a cikin fukafukin iyo daga duwatsun da suka kai kimanin shekaru miliyan 385, sun kuma san dabbobi masu ƙafa huɗu daga duwatsu masu kimanin shekaru miliyan 365. Neil Shubin da abokan aikinsa suka ce, idan ka'idar daidai ce, ya kamata a samu halitta mai siffar tsakani a duwatsun da shekarunsu ke tsakanin waɗannan biyu, waɗanda suka samu a bakin tsofaffin koguna. Suka duba taswirar duwatsu, suka zaɓi tsibirin Ellesmere a can arewacin Kanada, suka yi ta komawa shekara bayan shekara cikin tsananin sanyi. A 2004 suka tono abin da aka raɗa wa suna Tiktaalik, mai kimanin shekaru miliyan 375: yana da ɓawon jiki irin na kifi, amma kansa shimfiɗaɗɗe ne, yana da wuya mai juyawa wanda kifi ba shi da shi, kuma a cikin fukafukinsa akwai ƙasusuwa masu kama da na dantse da wuyan hannu. Bayan haka, a 2010, aka ba da rahoton sawun dabba mai ƙafa huɗu a wani dutse a Folan wanda ya girmi Tiktaalik, lamarin da ya tilasta wa masana sake lissafin lokacin da aka fara hawa tudu. Na kawo wannan da gangan, domin ka ga cewa gyara irin wannan abu ne na yau da kullum a fannin, kuma masanan da kansu suke wallafa shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a yau tana cikin DNA. Mutum yana da kiromosom 46, wato dunƙulen da DNA ke naɗe a cikinsu, cimfanzi da gorila kuwa suna da 48. Idan akwai dangantakar asali, dole a samu inda biyu suka haɗe suka zama ɗaya. A 1991 aka samu wurin a kiromosom na 2 na mutum: a tsakiyarsa akwai irin jerin da aka saba gani a ƙarshen kiromosom, biyu sun yi karo kai da kai, sannan, alhali kowane kiromosom cibiya ɗaya yake da ita, a nan akwai ragowar cibiya ta biyu wadda ta daina aiki. Mai ra'ayin ƙira zai iya cewa kamanni shaida ce ta maƙeri ɗaya, kuma wannan magana ce mai ma'ana idan ana batun sassan da ke aiki. Inda take yin rauni shi ne wajen kurakuran da aka yi tarayya a kansu. Yawancin dabbobi masu shayarwa suna haɗa bitamin C a jikinsu, mu kuwa ba ma iyawa, shi ya sa rashinsa a abinci ke sa dasashi zubar jini. Ƙwayar gadon da ke wannan aiki tana nan a jikinmu amma a lalace, kuma a lalace take a jikin cimfanzi da sauran birai na kusa, da alamun lalacewa iri ɗaya. Duk wanda ya san aikin masu kwafar littafi da hannu ya san cewa idan kwafi biyu suka yi tuntuɓen alƙalami iri ɗaya a layi ɗaya, to daga uwa ɗaya aka kwafo su.

Yanzu mu zo ga ra'ayin ƙira ta hikima, kuma ina so in gabatar da shi a mafi ƙarfin surarsa, domin ba daidai ba ne a rusa abin da mai shi bai faɗa ba. Ra'ayin ya bunƙasa a Amurka a shekarun 1990, cibiyarsa kuma ita ce Discovery Institute da ke birnin Siyatul. Hujja mafi shahara ta fito daga Michael Behe, masanin sinadaran jiki a Jami'ar Lehigh, a littafinsa na 1996. Ya lura cewa Darwin da kansa ya rubuta cewa idan aka samu wata gaɓa wadda ba za ta yiwu ta samu ta ƙananan sauye-sauye bi da bi ba, to ka'idarsa ta rushe. Behe ya ce an samu. Ya buga misali da tarkon ɓera: idan ka cire waya ko marfin da ke bugawa, abin da ya rage ba ya kama ko rabin ɓera. Ya ce haka wutsiyar bakteriya take. Wannan wutsiya abin mamaki ce ƙwarai. Tana da wani abu kamar injin da ke dashe a bangon ƙwayar, mai sashe mai juyawa da sashe tsayayye, yana samun ƙarfi daga kwararar sinadari ta cikin bangon, yana iya juyawa sau ɗaruruwa a sakan ɗaya kuma yana iya juya akala ya koma baya. Furotin iri-iri har gommai ne ke haɗuwa wajen gina ta da sarrafa ta, kuma idan aka kashe da yawa daga cikinsu, wutsiyar takan tsaya cak. Tambayar Behe ita ce: yaya tankaɗen yanayi zai adana sassan da ba su da amfani sai ranar da suka cika?

Tambaya ce mai kyau, kuma ta sa an yi bincike. Amma akwai ɓaraka a cikin ginin hujjar. Cewa cire sashe yana kashe aikin yau bai nuna cewa sassan ba su taɓa yin wani aiki dabam ba. Akwai wata allura da wasu bakteriya, irin wadda ke haddasa annobar da ɓeraye ke yaɗawa, suke amfani da ita su tsira wa ƙwayoyin jikinmu guba, kuma kimanin furotin goma na wannan allura 'yan uwan furotin ɗin gindin wutsiyar ne. Masu ra'ayin ƙira sun mayar da martani cewa wataƙila allurar ce ta samu daga wutsiyar, kuma binciken masana da dama ya karkata ga hakan. Duk da haka abin da misalin ya tabbatar yana nan: wani yanki na injin yana iya aiki mai amfani ba tare da sauran ba. A manyan dabbobi ma ana ganin irin wannan sauyin aiki, domin biyu daga ƙananan ƙasusuwa uku na cikin kunnenmu suna daidai da ƙasusuwan mahaɗar muƙamuƙi a dabbobi masu rarrafe, kuma burbushin halittu ya nuna matakan ƙaurar. Sannan tun a 1918 Hermann Muller ya yi bayanin cewa sashen da ya shigo a matsayin ƙarin taimako yana iya zama dole daga baya, idan sauran sassan suka sauya suka dogara da shi. Mai ginin baka ya san wannan: yana kafa madogari, ya jera tubali, ya cire madogarin, sai wanda ya zo daga baya ya ga ginin da in an zare tubali ɗaya zai rufto, ya rasa yadda aka yi aka ɗora shi ɗaya bayan ɗaya. Behe ya kuma kawo daskarewar jini a matsayin tsarin da ba ya jure rashi, amma dabbar dolfin ba ta da ɗaya daga cikin sinadaran wannan jeri, wanda ake kira na 12, kuma jininta yana daskarewa. Adalci ya sa in ƙara cewa babu wanda ya zayyana tarihin wutsiyar bakteriya mataki-mataki ba tare da giɓi ba. Abin da ya faɗi shi ne da'awar cewa hakan ba zai yiwu ba.

Akwai wani gwaji da nake son kowane ɗalibi ya sani, saboda gani ya kori ji. A watan Fabrairu na 1988 Richard Lenski ya zuba bakteriya iri ɗaya, E. coli, a kwalabe 12. Kowace rana ana ɗibar kashi ɗaya cikin ɗari a zuba a sabon ruwan abinci, kuma bayan kowace zuriya 500 ana daskarar da samfuri a firiza, wanda za a iya farfaɗo da shi daga baya. A ruwan akwai ɗan sukari da kuma wani sinadari, sitiret, wanda wannan bakteriya ba ta iya ci idan akwai iskar oksijin. Bayan kimanin zuriya 33,000, sai wata rana aka ga kwalba ɗaya ta yi duhu fiye da sauran: mazaunanta sun fara cin sitiret, yawansu ya ninka. Da aka koma firiza aka farfaɗo da kakanninsu aka sake gwajin, sai aka ga cewa sabuwar iyawar tana ɓullowa ne daga samfuran baya-baya, waɗanda wasu sauye-sauye na farko suka riga suka share musu hanya. Behe ya amsa cewa ƙwayar gadon da ke shigar da sitiret dama tana nan, an dai kwafe ta ne zuwa wurin da take kunnuwa, kuma yawancin sauye-sauyen da aka gani a gwajin na lalata abin da ke akwai ne. A bayanin abin da ya faru yana da gaskiya. Inda na saba da shi shi ne, kwafi da sake jeri da ba tsohon sashe sabon aiki su ne ainihin hanyoyin da ka'idar ta ce sabon abu yana samuwa, kuma an ga matakai da dama sun taru sun haifar da iyawar da babu ita a da, cikin shekaru kimanin 15 a kwalba guda.

Abin da bidiyoyi irin wanda ka kalla ba sa faɗa shi ne, Behe ya yarda duniya ta yi biliyoyin shekaru, ya kuma rubuta cewa ya yarda halittu, har da mutum da cimfanzi, suna da asali ɗaya. Jayayyarsa a kan iyakar abin da sauyin da ba a shirya ba zai iya ginawa ce kawai.

Za ka ji ana ambaton shari'ar Dover. A 2004 hukumar makarantun wannan ƙaramin gari a jihar Fensilbaniya ta umarci a karanta wa ɗalibai sanarwa mai nuna ra'ayin ƙira a matsayin madadin ka'idar Darwin, sai iyaye 11 suka kai ƙara. Bayan sauraron shaidu na makonni shida, alƙali John Jones ya yanke hukunci a ranar 20 ga Disamba 2005 cewa ra'ayin ba kimiyya ba ne kuma koyar da shi a makarantar gwamnati ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka. Kotu ba ta yanke gaskiyar kimiyya, kuma hukuncin ya shafi dokar ƙasarsu ne. Abin da ya fi amfani a gare ka shi ne abin da ya fito a bakin shaidu, inda Behe ya amince cewa babu wata maƙala da masana suka tantace wadda ta kawo gwaji dalla-dalla kan yadda aka ƙera wani tsarin halitta. Matsalar ke nan har yau. Ra'ayin bai faɗi abin da aka ƙera ba, ko yaushe, ko ta wace hanya, saboda haka bai ba mai bincike abin da zai je ya tono ko ya auna ba, irin yadda Shubin ya san dutsen da zai nufa.

Takardar da aka ce masana sun sa wa hannu gaskiya ce. Discovery Institute ta fara ta a 2001 kuma sunayen sun haura dubu, ko da yake da yawansu injiniyoyi ne da masana wasu fannoni, kuma adadin ɗigo ne a cikin masu binciken ilmin halittu na duniya. Ka kuma duba abin da ta ce: masu sa hannun suna shakkar cewa sauyin gado na katsaham da tankaɗen yanayi sun isa su bayyana sarƙaƙiyar rayuwa. Ba ta musanta dangantakar asali ba. Kuma cewa waɗannan biyu ba su kaɗai ba ne, masana juyin halitta sun daɗe da faɗa. A 1968 Motoo Kimura na Japan ya nuna cewa yawancin sauye-sauyen da ke taruwa a DNA ba sa amfani ba sa cutarwa, suna yaɗuwa ne ta hanyar dace. A 1967 Lynn Margulis ta kawo hujja cewa sassan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin jikinmu asalinsu bakteriya ne masu zaman kansu da wata ƙwaya ta haɗiye, aka yi ta ƙin karɓar maganarta, daga baya DNA ta gaskata ta. A 1972 Niles Eldredge da Stephen Jay Gould suka ce jinsuna sukan daɗe ba su sauya ba sannan su sauya cikin ɗan lokaci, aka yi shekaru ana kai ruwa rana. An kuma gano cewa bakteriya suna musayar ƙwayoyin gado a tsakaninsu, wanda ta haka ne jure maganin kashe ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa da sauri. Waɗannan su ne muhawarorin gaske, kuma sau da yawa ana tsinko jimla daga bakin waɗannan masana a nuna ta kamar sun bar ka'idar.

Akwai wurare biyu da tambayoyi suke a buɗe sosai. Na farko shi ne zamanin Kambiriyan, kimanin shekaru miliyan 538 da suka wuce, lokacin da yawancin manyan rukunonin dabbobi suka bayyana a duwatsu cikin shekaru miliyan 20 zuwa 25. Darwin ya amince cewa wannan ƙalubale ne gare shi, kuma Stephen Meyer, ɗaya daga cikin masu kare ra'ayin ƙira, ya gina littafinsa na 2013 a kansa. Tun bayan Darwin an gano halittu masu laushin jiki da suka gabaci wannan zamani da miliyoyin shekaru, amma dalilin saurin, ko ƙaruwar oksijin ce, ko ɓullar masu farauta, ko sauyi a ƙwayoyin gadon da ke tsara jiki, ana kan tattaunawa. Na biyu, wanda ya fi zurfi, shi ne asalin rai kansa. Gwajin Stanley Miller da aka wallafa a 1953 ya nuna cewa wasu tubalan furotin suna iya samuwa daga iska da tartsatsin lantarki, amma tsakanin tubali da ƙwaya mai rai akwai tazara mai nisa wadda kimiyya ba ta cike ba. Duk wanda ya ce maka an warware wannan ya faɗi abin da ba haka ba. Sai dai ka'idar juyin halitta tana bayanin abin da ya faru ne bayan samuwar rai.

Game da imaninka, zan faɗa maka abin da ke zuciyata. Kimiyya tana tambayar ta wace hanya abu ya faru, kuma kayan aikinta awo ne da gwaji. Ba ta da ma'aunin da za ta auna ko akwai Mahalicci da nufi a bayan waɗannan hanyoyi. Masanin da ya ce juyin halitta ya tabbatar babu Allah ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga falsafa, kuma kana da damar ƙin bin sa. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta dukkan DNA na ɗan Adam da aka kammala a 2003, mai imani ne da Allah kuma ya yarda da juyin halitta, haka ma Kenneth Miller, masanin da ya ba da shaida a Dover yana adawa da ra'ayin ƙira. Mun san yadda gajimare ke haɗuwa da yadda jariri ke girma a mahaifa, kuma sanin sababi bai sa mumini ya daina cewa Allah ne ke saukar da ruwa, Shi ke halitta ba. Abin da ke damuna da ra'ayin ƙira, a matsayina na mai imani, shi ne yana rataye hujjar samuwar Mahalicci a kan abin da masana ba su gano ba tukuna, ta yadda duk ranar da aka gano wani furotin, sai yaron da aka rena a kan wannan hujja ya ji ƙasa tana zame masa. Na ga ɗalibai sun shiga wannan hali, kuma abin yana yi mini ciwo. Batun halittar Annabi Adamu, alaihis salam, da yadda za a fahimci nassoshi game da ita, magana ce ta tafsiri da aƙida, malamai na zamani sun yi rubutu a kai da mahanga mabambanta, kuma wurin malamin da ya ƙware a wannan fanni ya kamata ka kai ta. Idan za ka je, ka tafi da bayanin kiromosom na 2 da na bitamin C yadda suke, domin ya ba ka amsa a kan abin da masana suka gano a zahiri.